Filin Tambayi Lauya: An Gurfanar da Ni Kan Dukan Matata, Ina Mafita?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga cikin garin Kaduna, kuma dukkansu a kan mutanen da rikicin cikin gida ya kai gaban 'yan sanda ko alƙali a matsayin waɗanda ake tuhuma. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, ina zaune a Rigasa, shekarar aurenmu 11, Allah Ya ba mu 'ya'ya huɗu. Makonni uku da suka wuce saɓani ya shiga tsakanina da maiɗakina a kan kuɗin cefane, magana ta yi zafi, na mare ta, na ture ta, ta faɗi a kan dandamali, hannunta ya karye. Yayanta ya kai ta asibiti, daga can ya wuce ofishin 'yan sanda. Na kwana biyu a tsare, aka rubuta bayanina da Turanci na sa hannu alhali Turancina bai taka kara ya karya ba, sannan aka kai ni kotun majistare aka ba da belina. Kawuna ya ce doka ta ba miji damar ladabtar da matarsa, kuma idan na musanta ba abin da za a iya yi, tunda yara ne kawai a gidan. Iyayena kuma suna ta zarya gidansu don ta janye ƙarar. Shin maganar kawuna gaskiya ce? Idan ta janye, magana ta ƙare? Kuma ya makomar aikina? Daga Malam S., Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin cewa ba ka ɓoye mini abin da ka aikata ba, domin lauyan da aka ɓoye wa gaskiya kamar mai ɗori ne da aka hana shi taɓa wurin karaya. Kana da haƙƙin kare kanka, kuma zan nuna maka hanyoyinsa, amma shawarwari biyun da danginka suka ba ka su ne mafi haɗari a cikin duk abin da ke gabanka.

Maganar kawunka tana da tushe, sai dai tushen ba zai ɗauke ka ba. A tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, sashe na 55 ya ambaci miji da ya yi wa matarsa horo bisa al'adar da ta yarda da hakan. Amma ko wancan sashen ya gindaya sharaɗin kada horon ya kai ga mummunan rauni, kuma kundin da kansa ya lissafa karayar ƙashi ko gocewarsa, da karyewar haƙori, da rasa gani ko ji, da duk ciwon da ya hana mutum harkokinsa na kwana 20, a cikin abin da ake kira mummunan rauni. Ke nan ko a zamanin da kawunka yake tunawa, karyayyen hannu ya fitar da kai daga inuwar wannan sashe. Bayan haka kuma zamani ya sauya. Jihar Kaduna ta yi sabon kundin hukunta laifuka da sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2017, sannan a 2018 ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta biyo sawun dokar tarayya ta 2015 da ke aiki a Abuja. A dokar tarayyar, dukan miji ko mata laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 3, ko tarar da ka iya kaiwa naira 200,000, ko duka biyun, kuma ji wa mutum rauni da gangan na iya kai wa ga ɗaurin shekara 5. Abin da zai yi aiki a kanka shi ne sashen dokar Kaduna da aka rubuta a takardar tuhumarka, saboda haka aikin farko shi ne lauyanka ya karɓi kwafinta daga magatakardan kotu ya karanta maka ita da Hausa kalma bayan kalma. Ta fuskar addini ma, mu tuna cewa an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, kuma babu malamin kirki da zai kira karya ƙashi ladabtarwa.

Batun musantawa yana buƙatar a rarrabe abu biyu da mutane suke cakuɗawa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwa ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba yana wuyan mai gabatar da ƙara. Don haka doka ta ba ka damar ka ce ba ka amsa laifi ba, ka bar su su kawo shaidarsu. Abin da ba ta ba ka ba shi ne ka yi rantsuwa ka shirya ƙarya, ko ka ɗauko maƙwabci ya ce a gabansa ta zame ta faɗi. Shaidar zur laifi ce dabam da za ta hau kanka da kan wanda ka ɗauko, kuma lauya mai mutunci ba zai gabatar da labarin da ya san ƙirƙira ne ba.

Sannan zaton cewa babu shaida kuskure ne. Akwai takardar likita da hoton ƙashi, akwai yayanta da ya gan ta cikin ciwo, akwai bayanin da ka sa wa hannu, akwai kuma ita kanta. Dokar shaida ta 2011 ta tanadi cewa idan ana tuhumar mutum da cin zarafin matarsa, matar tana iya ba da shaida, kuma kotu tana iya tilasta mata ta bayar ko da mijin bai yarda ba. Yara ma suna ba da shaida. Wanda bai kai shekara 14 ba yana magana ba tare da rantsuwa ba, sai dai ba a hukunta mutum da maganarsa ita kaɗai sai an sami wata shaidar da ta ƙarfafa ta, kuma takardar likita tana iya zama wannan ƙarfafawa. A nan nake roƙonka ka tsaya ka yi tunani, domin na sha ganin abin da ke faruwa da yaron da aka tsayar a gaban alƙali ya zaɓi tsakanin gaskiyar mahaifiyarsa da 'yancin mahaifinsa. Ko wane ne ya ci shari'ar, yaron ne yake komawa gida da nauyin da ya fi ƙarfin shekarunsa.

Inda kake da hujja ta gaske shi ne bayanin da aka rubuta maka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru har sai ya ga lauyansa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin garin Kaduna babu gardama a kansa. Idan an tilasta maka ko an tsorata ka kafin ka sa hannu, lauyanka zai ƙalubalanci takardar a lokacin da za a miƙa ta, kotu ta tsaya ta binciki yadda aka same ta. Idan kuwa ba a tilasta maka ba, amma da Hausa ka yi magana wani ya mayar Turanci, to dole a kira wanda ya yi fassarar ya tabbatar da ita, kuma idan an ƙara maka abin da ba ka faɗa ba, misali cewa ka yi amfani da sanda ko ka daɗe kana dukanta, wannan abin a yi tsayin daka ne a kansa, domin shi zai iya sauya nauyin hukunci. Sai dai ka sani, tsare ka fiye da ƙa'ida ba ya goge tuhumar. Ƙorafi ne dabam da ake shigarwa a kan waɗanda suka tsare ka.

Game da janye ƙara, shari'ar laifi tsakanin hukuma ce da wanda ake tuhuma. Maiɗakinka mai ƙorafi ce kuma shaida, ba ita ce mai shari'ar ba. Ƙananan laifuka kotu takan yarda a sasanta su, amma da zarar rauni ya yi muni sai da izinin alƙali, kuma ikon dakatar da shari'ar laifi gaba ɗaya yana hannun Antoni Janar na jiha, kamar yadda sashe na 211 na kundin tsarin mulki ya tanada. Zaryar da iyayenka suke yi, ko da niyyarsu alheri ce, mai gabatar da ƙara yana iya bayyana ta a matsayin matsa wa shaida lamba, kuma wannan dalili ne da ya isa a soke belinka a mayar da kai gidan gyaran hali har a gama shari'a. Ka roƙe su su dakata. Kai ma kada ka kira ta kana roƙo ko kana gargaɗi, domin saƙon waya da na WhatsApp shaida ne da kotu take karɓa.

Sulhu alheri ne, kuma ba na hana ka nemansa, amma yana da ƙofar da ake shiga ta cikinta. Lauyanka ne zai sanar da kotu cewa ɓangarorin biyu suna son tattaunawa, a zauna da waliyyinta da wani dattijo daga ɓangarenka, irin masu sulhun nan biyu da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ambata, ka biya kuɗin asibiti da duk abin da ta yi asara, a rubuta sharuɗɗa, sannan ita da bakinta ta shaida wa alƙali cewa ba a tilasta mata ba. Idan ta ce ba ta yafe ba, wannan haƙƙinta ne, ita ce ta kwana da ciwon. A lokacin sai lauyanka ya duba yarjejeniyar amsa laifi don samun sassauci, wadda dokokin shari'ar laifuka na yanzu suka amince da ita, ko ya shirya roƙon rangwame bisa cewa wannan ne karon farko, ka yi nadama a aikace, kuma akwai yara huɗu da suke ci daga albashinka. Kotu tana da ikon yin hukuncin da ba na ɗauri ba a wasu laifuka, kamar tara, diyya ko aikin al'umma.

Maganar aikinka ita ce wadda mutane suka fi yin sakaci da ita. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun ba ma'aikata damar dakatar da ma'aikacin da ake tuhuma da laifi a kotu, yawanci a kan rabin albashi, kuma idan an same shi da laifi ana iya korarsa. Mutane da yawa sukan amsa laifi da sauri don su biya 'yar tara su koma gida a ranar, ba su san cewa tara ma hukunci ce ba, kuma sunan mutum ya shiga cikin waɗanda kotu ta taɓa samu da laifi ke nan, abin da zai biyo shi ranar da zai nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda don aiki ko tafiya ƙasar waje. Saboda haka shari'ar da ta ƙare da sulhun da kotu ta amince da shi ta bambanta ƙwarai da wadda ta ƙare da amsa laifi, kuma lallai lauyanka ya san kai ma'aikacin gwamnati ne kafin ku yanke shawara.

Abu na ƙarshe da ba ka tambaya ba shi ne auren kansa. Ko yaya shari'ar majistare ta ƙare, maiɗakinka tana iya zuwa kotun shari'ar Musulunci ta nemi a raba auren saboda cutarwa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, idan cutarwa ta tabbata, ko ta hanyar shaidu ko ta labarin da ya shahara a tsakanin maƙwabta, alƙali yana raba aure ba tare da matar ta mayar da sadaki ba, riƙon yara yakan zauna a hannun uwa, ciyar da su kuma yana nan a wuyanka.

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ƙanwata tana aure a Kawo, kuma shekara uku ke nan mijinta yana dukanta; sau biyu tana yaji ana mayar da ita. A daren Juma'ar da ta wuce ya shaƙe ta har numfashinta ya fara ɗaukewa, hannunta ya kai ga taɓarya ta buga masa a ka. Yanzu yana asibiti, ita kuma tana tsare da jaririya mai wata bakwai. Danginsa sun ce sai ta ruɓe a kurkuku. Ba mu da kuɗin lauya. Me za mu yi? Daga Malama H., Unguwar Dosa.

Amsa: Malama, Allah Ya kawo muku sauƙi, Ya ba shi lafiya. Abin da ya fi gaggawa a yau ɗin nan shi ne wuyan ƙanwarki. Tabon shaƙa yakan ɓace cikin 'yan kwanaki, kuma shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi a wajenta. Ku nemi ɗan sanda mai bincike ya kai ta asibitin gwamnati likita ya duba ta ya rubuta abin da ya gani, har da dushewar murya ko ciwon haɗiya idan akwai, ku kuma ɗauki hoto da waya. Idan an ƙi, lauya ya nemi kotu ta ba da umarni.

Doka ta san haƙƙin kare kai, kuma ba ta cire matar aure daga cikinsa ba. Wanda aka kai wa harin da ya sa shi fargabar mutuwa ko mummunan rauni yana da damar ya tunkuɗe harin da ƙarfi, kuma idan kotu ta gamsu da haka, sallamarsa take yi gaba ɗaya, ba rangwame ba. Abin da alƙali zai auna shi ne ko haɗarin yana kanta a daidai lokacin da ta yi bugun, ko tana da wata hanyar tsira, da kuma ko ƙarfin da ta yi amfani da shi ya wuce abin da ake buƙata. Bugu ɗaya a lokacin da hannunsa ke wuyanta ya sha bamban da bugu biyar bayan ya faɗi, ya kuma sha bamban da wadda ta jira mijinta ya yi barci. Na farko kare kai ne, sauran ramuwa ce, kuma ramuwa ba ta wanke mutum. Iyakar abin da tunzurawa take yi shi ne rage nauyin laifi. Kotu ba ta sassauta wa mace don ita mace ce, kamar yadda hukuncin kisan da Babbar Kotun Abuja ta yanke wa Maryam Sanda a Janairun 2020 kan mutuwar mijinta ya nuna, saboda haka kada ku dogara da tausayi, ku tara hujja.

Shekaru ukun da aka yi ana dukanta suna da muhimmanci, domin su ne za su nuna cewa tsoronta a daren nan ba na banza ba ne. Ku rubuta sunayen maƙwabtan da suka taɓa shiga rabiya, da dattawan da suka yi biko, da mai unguwa idan an taɓa kai masa maganar, da mai ɗori ko mai kemis da ya taɓa yi mata magani. Ina faɗa da ciwon rai cewa yajin nan biyu da aka mayar da ita ba tare da an ɗauki wani mataki ba su ne suka share hanyar wannan dare, kuma iyaye da yawa sai a irin wannan rana suke gane cewa haƙurin da suka yi ta ba 'yarsu ya kusa zama ajalinta.

Rashin kuɗi ba zai hana ta lauya ba. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa tana da ofishi a Kaduna, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a jihar, haka ma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, kuma duk suna karɓar irin wannan ƙorafi kyauta. Ku nemi beli, ku sanar da kotu cewa tana shayarwa. Ke kanki kina iya tsaya mata, domin doka ba ta hana mace tsayawa beli ba, kuma belin 'yan sanda ba a biyan ko sisi a kansa. Kada ta ƙara yin wani bayani sai lauya yana wurin. Ku kuma riƙa bin halin da mijin yake ciki, domin idan, Allah Ya kiyaye, rai ya yi halinsa, tuhumar za ta koma ta kisa, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a don shawarar lauyoyin gwamnati, shari'ar ta koma babbar kotu, beli kuma ya yi wuya matuƙa.

Tambaya: Barista, na saki matata saki ɗaya, bayan mako biyu ta kai ƙara cewa na doke ta a ranar da ni ina Zariya wajen ɗaurin aure. Kotu ta hana ni zuwa gidan, alhali ni nake biyan haya kuma 'ya'yana suna ciki. Zan iya zuwa ganinsu? Daga Alhaji M., Barnawa.

Amsa: Alhaji, kada ka je. Umarnin kariya da kotu ta bayar yana aiki ko da ƙarar ƙarya ce, ko da kai ke biyan haya, har sai kotun ta sauya shi, kuma karya shi laifi ne sabo. A dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin wata 6 ko tarar naira 300,000. Lauyanka ya shigar da buƙatar a gyara umarnin, a sa rana da wurin da za ka riƙa ganin yaran, misali gidan kakanninsu. Kafin nan ka ci gaba da aika kuɗin ciyarwa ta banki don ya zama akwai shaida, tunda tana cikin idda kuma haƙƙin yara bai faɗi ba.

Hujjarka ta cewa ba ka garin hujja ce mai ƙarfi, amma kotunan Najeriya suna so a faɗe ta tun a gaban 'yan sanda, da cikakken bayani na wuri da lokaci da mutanen da kuke tare, domin a ba masu bincike damar zuwa su tabbatar. Idan ba ka yi haka ba, lauyanka ya rubuta musu yanzu, ya haɗa da katin gayyata, hotunan taron da sunayen waɗanda kuka yi tafiyar tare. Idan shari'ar ta ƙare aka wanke ka, a lokacin ne za ka iya neman diyyar ƙarar da aka shigar da mugun nufi. Idan kuma hukuncin majistare bai yi maka daɗi ba, ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun jiha a buɗe take, amma wa'adinta gajere ne, don haka a ranar da aka yanke hukuncin lauyanka ya nemi kwafinsa.